Cokali Biyu na Maganin Mura

Haƙorin Tattabara na can ƙurya, na ƙasa a ɓangaren hagu, ya yi rami har ana hango baƙinsa idan ta buɗe baki tana kuka. Kukan kuwa ba ya yankewa a 'yan kwanakin nan. Ba ta cika shekara huɗu ba. Tattabara ake ce mata saboda tun tana rarrafe, in tana wasa ita kaɗai, sai a ji tana wani gunaguni a maƙogwaro kamar tsuntsuwa a kan rufi. Uwarta mai ɗinki ce, tana da ɗan shago a bakin titi, kuma har yau Amarya ake kiranta a dangin mijinta. Mijin direban babbar mota ne, ya fi kwana a hanya. Yayarsa, wadda kowa ke kira Goggo, ita ke zaune da su, tana riƙe yarinyar idan Amarya ta tafi shago.

Sun taɓa zuwa wajen likitan haƙori. Tattabara ta ga fitila a saman kanta, ta ji ƙarar inji, ta gantsara wa likitan cizo a yatsa. Ya yi dariya yana yarfe hannu, ya ce aikin ba zai yiwu ba sai an ba ta maganin da zai sa ta barci. Ya sa musu rana, ya ja wa Amarya kunne cewa ranar kada yarinyar ta ci komai, ko ruwa kada ta sha.

Da safiyar ranar, Amarya na da rigar da za ta miƙa wa mai ita kafin su tafi. Ta tsaya a ƙofa da leda a hannu.

"Goggo, don Allah, ko ruwa."

"Na ji, Amarya, ni ba kurma ba ce. Na reni uban 'yar nan tun yana cikin tsumma, ke ba a ma yi tunanin haihuwarki ba."

"Likita ne ya ce."

"Likita ya ce, likita ya ce. A bar yarinya da yunwa kamar ta yi sata. Je ki, mu haɗu a bakin titi."

Goggo ta cika alkawari. Ta ɓoye biskit, ta ɗauke kofi daga inda hannun yarinyar zai kai. Amma da Tattabara ta ga an ɗauko takalmanta na fita, sai ta gane inda za a je. Ta shige ƙarƙashin gado tana ihu ita ba za ta wajen mai fitila ba. Goggo ta yi lallashi, ta yi waƙa, ta yi barazana, ba wanda ya ci. Sai ta miƙa hannu saman kabad ta ɗauko wata kwalbar maganin mura, ja, mai zaƙi. Yarinyar ba ta mura. Goggo dai ta san idan yaro ya sha shi yakan yi laushi, kuma da shi take samun yi mata kitso ba tare da kokawa ba. An ce abinci, an ce ruwa, in ji ta a ranta, wannan kuwa ba ko ɗaya daga ciki. Ta ba ta cokali ɗaya. Ta ga har yanzu tana shessheƙa, ta ƙara mata wani.

Da suka iso bakin titi, Tattabara ta kwantar da kai a kafaɗar Goggo, shiru.

"Ikon Allah," in ji Amarya. "Yau ba rigima?"

"Yaro sai mai iya masa," in ji Goggo.

Asibitin haƙorin yana saman wani bene. A ɗakin jira akwai kujerun roba, da talabijin ana nuna zanen yara ba murya, da akwatin gilashi mai kifi ɗaya tak yana zagayawa. Wata nas ta leƙo ta ce mutum ɗaya ne zai shiga da yarinya. Goggo ta zauna, nan da nan ta sami wata dattijuwa mai kumburin kunci suka kama hira.

A ciki nas ta ɗora Tattabara a ma'auni ta duba nauyinta.

"Ta ci wani abu?"

"Ko ruwa ba ta sha ba," in ji Amarya.

"Tana shan wani magani?"

"A'a."

Likitan ya shigo da sauri, safar hannu a aljihun rigarsa. Mutum ne mai fara'a. Ya nuna wa Tattabara yatsan da ta ciza, ya ce yau ya shirya mata. Ya auna maganin a sirinji daidai nauyinta, ya ɗiga mata a gefen baki, ta haɗiye ba gardama.

"Kin ga ta ma fara sabawa da mu," in ji shi. "Maganin zai ɗauki ɗan lokaci kafin ya kama ta sosai. Ku kwantar da ita a ɗakin can. Kafin nan na gama da wani bawan Allah."

Haka suke aiki a wurin. Ana ba yaro magani, a kai shi ɗakin gefe ya yi barci, likita kuma ya ci gaba da wani, don kada kujera ta zauna ba kowa. Ɗakin gefen ƙarami ne, gado ɗaya da kujera ɗaya da kwalayen safar hannu jibge a lungu. Nas ta maƙala wa Tattabara wani ɗan abu mai jar wuta a babban yatsan ƙafa, igiyarsa ta tafi ga wata na'ura a kan tebur. Na'urar ta fara ƙara tana bin bugun zuciyar yarinyar. Nas ta danna wani maɓalli, ƙarar ta ɗauke.

"Me ya sa kika kashe?" in ji Amarya.

"Tana tayar da su ne. Sai su farka suna kuka, a koma baya. Ina nan kusa, Maman yarinya, kada ki damu."

Ta fita. Jim kaɗan injin haƙori ya tashi a ɗakin da ke jikin nasu.

Amarya ta zauna tana kallon 'yarta. Ba a jima ba Tattabara ta fara minshari. Goggo ta turo ƙofa a hankali ta shigo, ganin ba mai hana ta.

"Ji barci mai daɗi," ta ce ƙasa-ƙasa. "Har da minshari, sak ubanta."

"Ba ta taɓa minshari ba, Goggo."

"To yau ta fara. Kwana nawa ba ta runtsa ba?"

Amarya ta matsa kusa da gadon. Idon mai ɗinki ya saba lura da inda zare ya ja yadi, kuma abin da take gani ke nan a ƙirjin 'yarta. Duk jan numfashi sai fatar da ke ƙasan wuyanta ta lotsa ciki, cikin ya taso, amma ƙirjin bai cika ba. Haɓarta ta faɗo a kan ƙirji. Minsharin ya koma wani ƙaramin kakari, sannan ya tsaya.

Ta jira ya dawo. Bai dawo ba.

Ta dubi na'urar. Lambar da ke sama tana ta ƙyaftawa, tana raguwa, ba ƙara ko kaɗan. Ba ta san abin da lambar ke nufi ba, ba wanda ya gaya mata. Ta dubi leɓɓan yarinyar, sun yi toka-toka.

"Tattabara! Tattabara!" Ta girgiza ta. Hannun yarinyar ya zame daga gado kamar tsumma.

Ta fita da gudu ta buga ƙofar ɗaya ɗakin.

"Muna zuwa," muryar nas ta ce daga ciki. "Saura kaɗan."

Amarya ta banke ƙofar da kafaɗa har ta daki bango. Wani mutum na kwance a kujera baki buɗe, likita na sunkuye a kansa.

"'Yata ba ta numfashi!"

Likitan ya saki abin da ke hannunsa a tire. Ya riga ta isa ɗakin. Ya gyara yarinyar ta kwanta rigingine, ya ɗaga haɓarta, ya sa yatsu a bayan muƙamuƙinta ya turo shi gaba. Ya kara kunne a bakinta.

"Iska! Kawo iska!"

Tukunyar iskar tana bayan kwalayen nan. Nas ta watsar da su ta jawo ta. Abin rufe hanci da baki da ke jikinta na manya ne, ya rufe wa Tattabara har ido.

"Na yara!" in ji likitan.

Nas ta ja aljihun tebur na farko, ta ja na biyu. Amarya na tsaye, hannuwanta a ka, tana jin kowane aljihu da aka ja kamar a ƙirjinta ake jan shi. A na ƙasa aka same shi, cikin ledarsa ko buɗewa ba a taɓa yi ba. Likitan ya ɗora, ya fara matsa wata jakar roba yana tura iska, ƙirjin yarinyar yana tashi yana sauka da hannunsa.

"Kira motar asibiti," ya ce wa nas. Sannan ya dubi Amarya, gumi na zubo masa. "Abin da na ba ta daidai nauyinta ne. Shi kaɗai bai kamata ya yi haka ba. Me ta sha?"

"Na ce muku ba ta sha komai ba!"

"Ki tuna. Ko jiya. Ko na zazzaɓi, ko na tari."

"Ba ta sha..."

"Cokali biyu ne kawai."

Goggo ce, a jikin ƙofa, ta dafe bango.

Amarya ta juya. "Cokali biyun me?"

"Na mura. Jan nan. Tana ta ihu ne, Amarya, ta shige ƙarƙashin gado. Ba abinci ba ne."

Likitan ya runtse ido, ya buɗe. Ya ce wa nas ta haɗo allurar da ke warware maganin da ya bayar, ta yi mata. Ya ci gaba da matsa jakar. Lambar ta daina sauka, ta fara hawa a hankali. Can sai Tattabara ta ja wani dogon numfashi da kanta, mai kakari, ta yi tari.

Amarya ta durƙushe a gefen gadon ta kama ƙafar 'yarta, ta wajen jar wutar nan. Goggo ta matso.

"Kada ki taɓa ta," in ji Amarya, ba ta ko ɗago ba.

A babban asibiti aka kwantar da Tattabara a ɗakin yara, da siririn bututun iska a hanci. Na'urar da ke kanta a nan tana ƙara, kuma ba wanda ya kashe. Wata likitar yara mai furfura a goshi ta tsaya ta yi musu bayani a natse. Ta ce maganin mura irin wannan yana kawo barci, na likitan haƙori ma haka, idan suka haɗu a jikin ƙaramin yaro sai kowanne ya ƙara wa ɗan'uwansa ƙarfi. Harshe ya saki ya koma baya, hanyar iska ta toshe, kuma hanyar iskar yaro ba ta fi ɗan yatsansa faɗi ba. Minsharin da suka ji shi ne alamar farko. Allurar da aka yi mata ta warware magani ɗaya ne kawai, ɗayan sai ya fita da kansa, don haka za su zuba mata ido har gobe.

"Abin da ya taimaka," in ji likitar, "cikinta ba komai. Da ta yi amai a wannan hali, da maganar ta fi haka."

"Kin ji ko?" in ji Goggo da sauri. "Ni ko ruwa ban ba ta ba."

Amarya ta jira likitar ta wuce gado na gaba. Sannan ta miƙe.

"Yabo kike so, Goggo? In tafa miki?"

"Amarya..."

"Na tambaye ki a bakin titi. Na ce yau ba rigima? Kika ce yaro sai mai iya masa. Wannan ce iyawar? Aka tambaye ni ko tana shan magani, na buɗe baki na ce a'a, ke kina waje kina ba mai ciwon haƙori labarin duniya. Da bakina na ce a'a!"

"Wa ya san abu na mura zai yi haka? Yara nawa na ba? Ubanta ma ya sha, ga shi nan yana tuƙa mota."

"Ki yi ƙasa da murya, akwai marasa lafiya," in ji Amarya, alhali muryarta ce ke tashi har matar gadon kusa ta juyo.

Wayarta ta yi ƙara. Mijin ne, daga wata tasha, ana jin injuna a bayansa. Ta ba shi labarin a gajarce. Ya yi salati, ya tambayi jikin yarinyar, ya yi ajiyar zuciya.

"To, alhamdulillahi tunda ta tashi. Ki yi haƙuri da Yaya, ba da gangan ta yi ba. Babba ce, kada ki faɗa mata abin da za ki zo kina da-na-sani."

"Ba ta tashi ba tukuna. Tana kwance da bututu a hanci."

"Na sani, amma..."

"Ba ka sani ba. Ba ka ga leɓɓanta ba. Ni za ka ba haƙuri, ko ni zan ba da? Faɗa mini wanne, don in san aikina."

Ba ta jira amsarsa ba. Ta kashe wayar.

Da la'asar likitan haƙorin ya zo, ya cire farar rigarsa, yana riƙe da takalmin Tattabara ƙafa ɗaya da ya faɗi a ɗakinsu. Ya tsaya a ƙarshen gadon ya dubi na'urar, ya ce jiki ya yi kyau.

"Gaskiya, da an gaya mana ta sha wani abu, da ban ba ta ba," in ji shi. "Da na ɗaga ranar."

Amarya ta karɓi takalmin ta ajiye a cinyarta.

"Wannan laifin gidanmu ne, Likita, kuma zan ji da shi. Yanzu ni ma in tambaye ka. Da ba ta sha komai ba, da kana ina?"

"Ina ɗakin da ke kusa."

"Kana cikin bakin wani. Wa ke kallon 'yata?"

"Ke kina wurin, kuma nas..."

"Ni tela ce. Ka ba ni yadi in gaya maka inda ya karkace. Ka bar ni da na'ura, ba ka ce mini ga abin da zan duba ba, kuma kun toshe mata baki. Kana jin ta nan? Tun da muka zo take ƙara, ba ta tayar da kowa ba."

"Yaran kan firgita da ita ne."

"Gara su firgita! Abin numfashin yara yana cikin leda a ƙasan tebur, tukunyar iska a bayan kwali. Yara nawa ka kwantar a ɗakin nan kafin tawa? Garin neman gira ka tashi raba ni da ido. Haƙori ne fa, Likita. Haƙorin da ko ba a taɓa shi ba wata rana zai faɗi."



"Ba mu taɓa samun matsala ba," ya ce a hankali.

"Goggo ma haka ta ce."

Ya dubi tsohuwar, ta dubi ƙasa. Ya ɗan ƙara tsayuwa, ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ya fita.

Rana ta kusa faɗuwa sa'ad da Tattabara ta buɗe ido sosai. Ta kalli rufi, ta kalli uwarta, ta kai hannu za ta cire bututun. Amarya ta riƙe hannun tana sumbatarsa. Yarinyar ta taɓa kuncinta na hagu, ta ɓata fuska. Ramin yana nan, ba a ko taɓa shi ba.

"Mama, ciwo."

"Sannu, uwata. Sannu."

Tattabara ta juya kai ta hango Goggo a kujerar roba. Ta miƙa mata hannu.

"Goggo, ba ni mai zaƙi in yi barci."

Amarya ta tsaya cak. Yadda yarinyar ta faɗe shi, ba yau ta fara roƙonsa ba.

"Yaushe kike ba ta?"

"Ranar kitso."

"Sai yaushe?"

Goggo ta murza bakin mayafinta. "In ta dame ni da rana. In ina son in yi wanki. Ƙafafuna ba kamar da ba ne, Amarya, ba na iya bin ta."

Amarya ta tuna yammacin da take dawowa daga shago ta tarar da gida tsit, yarinya na barci, ta yi ta sa wa Goggo albarka. Ta so ta yi ihu, amma 'yarta na riƙe da yatsanta.

"Da kin ce mini kin gaji," ta ce. "Da baki ake faɗa, Goggo."

Goggo ta kawar da kai. Hawaye ya bi ramukan fuskarta, ba ta share ba, Amarya kuma ba ta ba ta haƙuri ba.

Washegari aka sallame su. Likitar yaran ta ce haƙorin dole a gyara shi, don ruɓar na iya cin ƙashi, amma a nan za a yi, inda akwai likitan da ba shi da wani aiki sai kallon numfashin yaro daga farko har ya farka. Amarya ta sa ta maimaita wannan maganar, sannan ta tambaya ko na'urarsu tana da maɓallin kashe ƙara. Likitar ta ce tana da shi, amma ba a taɓa shi in yaro na kwance. Amarya ta ce za ta so ta gani da idonta.

Da suka koma gida ta hau kujera ta ɗauko kwalbar daga saman kabad. Saura kaɗan a ciki. Ta tsiyaye shi a magudanar ruwa a gaban Goggo.

Ranar da ta koma aiki, da Tattabara ta tafi. Ta shimfiɗa mata tabarma a bayan keken ɗinki, tsakanin buhun ƙyallaye da teburin guga. Yarinyar ta warware zare, ta zubar da maɓallai, sannan haƙorin ya motsa ta ɓare baki. Wata mai kawo ɗinki tana tsaye ana auna ta, hannuwa a buɗe, ta yamutsa fuska.

"Kai, wannan 'ya da murya take. Ba ki da ɗan abin da za ki ba ta ta yi barci, ki samu ki yi aiki?"

Amarya ta cire tef ɗin awo daga ƙugun matar, ta naɗe shi a hannu.

"Sauke hannunki, Hajiya. Ki dawo jibi."

"Daga magana?"

"Ki dawo jibi."

Matar ta ɗauki jakarta ta fita tana mita. Amarya ta ɗauki Tattabara ta ɗora a cinya, ta kara kunnenta a ƙirjin yarinyar. Kukan ya cika shagon har masu wucewa na leƙowa, ita kuwa ba ta ce mata yi shiru ba.